Yadda Ake Binciken Babbar Lamba: Misalin 33,550,336

Duk wanda ke son sanin halin babbar lamba, aikinsa na farko shi ne ya warware ta zuwa lambobi marasa rabuwa, wato irin 2, 3, 5 da 7, waɗanda babu mai raba su ba tare da saura ba sai 1 da su kansu. Sauran bayani duk daga nan yake fitowa.

Fara da duba ƙarshenta. Tunda 33,550,336 ta ƙare da 6, za ta rabu biyu. Raba ta, ka sami 16,775,168, ka sake rabawa, ka sami 8,387,584, ka ci gaba da haka har sau 12, inda za ka tsaya a kan 8,191. Ka riƙa rubuta kowane mataki a takarda, domin ƙidayar rabon nan ce za ta yi maka amfani a gaba.

A nan ne ake bukatar haƙuri. Dole a tabbatar ko 8,191 tana rabuwa, amma ba sai an gwada dubban lambobi ba: da yake 91 sau 91 ya ba da 8,281, wanda ya zarce ta, lambobi marasa rabuwa 24 da ke ƙasa da 91 kaɗai za a gwada, daga 2 zuwa 89. Babu ko ɗaya da ke raba ta. Kada ka gaji ka tsaya a tsakiya, domin 2,047 ma tana tsallake 3, 5, 7, 11, 13, 17 da 19 lafiya lau, sai a 23 asirinta ke tonuwa, inda za a ga ashe 23 sau 89 ce.

Ke nan lambarmu 4,096 (wato 2 guda 12 an ninka su da juna) sau 8,191 ce. Masu raba ta su ne 1, 2, 4, 8 har zuwa 4,096, guda 13, sai kowannensu an ninka shi da 8,191, jimilla 26.

Yanzu tara su duka ban da ita kanta. Idan jimillar ta wuce lambar, ana kiranta mai rara, kamar 12. Idan ta gaza, mai giɓi ce, kamar 10. A wannan karon jimillar 33,550,336 ce cif, ba ƙari ba ragi, kuma a ganina wannan sakamako ya cancanci duk wahalar lissafin. Irin wannan ita ce kamilar lamba, kuma tamu ita ce ta biyar, bayan 6, 28, 496 da 8,128. Masanin lissafi Yuklid na Iskandariya ya nuna hanyar gina su wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, wato a yi ta ninka 2 har a sami lamba irin 8,192, a cire mata 1, idan abin da ya rage ba ya rabuwa a ninka shi da rabinta, sannan a ƙarni na 18 masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar da cewa duk kamilar lamba mai rabuwa biyu a kan wannan tsari take.

Domin tantance aikinka, tara lambobi daga 1 zuwa 8,191, wato 8,191 sau 8,192 a raba biyu, za ka sake samun 33,550,336.