Kurakuran da ke mayar da mutum ga sukari bayan ya rage tuwo da shinkafa

Galibi ranar Litinin ake ɗaura niyya. A yi sallama da lemon kwalba, a ce a daina zubo shinkafa, a kau da gwangwanin sukari daga inda ido zai gan shi. Talata lafiya lau, Laraba da ɗan ciwon kai, ranar Alhamis bayan la'asar sai ga mutum a bencin mai shayi yana cewa a haɗo mai kauri, a yanko burodi. Sau uku ina bin wannan hanya, kowane karo ina zargin kaina da rashin juriya, kafin na gane cewa tun daga shirin ne aka samu matsala.

Kuskuren da ya fi kayar da mutane shi ne a cire tuwo a bar gurbinsa fayau. Dubi kwanonmu na dare: malmala biyu, miya ludayi ɗaya, tsoka guda in an dace. Ka ɗauke malmalar, me ya rage? Mutum ya lashe miya ya kwanta, yana ganin ya yi ƙoƙari, alhali da yunwa ya kwana. Jiki mai yunwa kuwa abin da zai fi saurin ba shi kuzari yake nema, wato zaƙi. Gyaran shi ne ka ƙoshi. Ƙwai biyu ko uku da safe, a soya da albasa da tumatir. Awara, wadda ko talaka bai gaza ta ba. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, amma ka ja kunnen mai haɗawa, don wasu na barbaɗa masa sukari. Miyar kuɓewa ko ta alayyafo a cika kwano, a sa kifi, a sha da cokali. Gyaɗa a aljihu, kindirmo ba sukari, yalo da kokwamba. Kada kuma ka haɗa gudun sitaci da gudun mai a lokaci guda. Wanda ya yi haka ba ya kai mako.

Sai masu farawa da tsari mafi tsanani don sun gani a Facebook. Rage sitaci hawa-hawa ne. Abin da ake kira keto yana nufin kada sitacin da kake ci ya wuce giram 20 zuwa 50 a yini, alhali sitacin da ke cikin kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa ya kai wajen giram 45. Amma duk wanda ke ƙasa da giram 130 a yini ya shiga sahun masu rage sitaci. A gidan da tukunya ɗaya ake ɗorawa, ƙaramar malmala da dare, wadda za ka iya riƙewa shekara, ta fi maka amfani a kan tsarin da za ka yasar bayan kwana biyar.

Ciwon kan nan na kwana na uku ko na huɗu, da kasala da jiri, mutane da yawa suna ɗauka jiki ne ke kukan sukari. Sau da yawa ruwa ne da gishiri. Jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka, kuma kowane giram ɗaya na ajiyar yana riƙe da ruwa kamar giram uku. Da ka rage sitaci, ajiyar ta fara ƙarewa, ruwan ya bi fitsari, insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini, ya sauka, ƙoda kuma ta riƙa sakin gishiri. Ga zafin ƙasarmu da zufa a kai. Ka sha ruwa sosai, ka sha romon kaza ko na kifi da gishirinsa daidai, ka jira rabin awa ka gani. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda dai kada ya ƙara gishiri sai da shawarar likitansa.

Akwai kuma waɗanda suka gudu ba su tsira ba. Sun bar farin sukari sun koma zuma cokali uku a shayi, ko sun bar lemo sun rungumi malt. Zuma tana da darajarta, amma kusan kashi 80 cikin ɗari nata sukari ne, kuma a shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 an lissafa ta tare da ruwan 'ya'yan itace cikin sukarin da ya kamata a taƙaita: ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini, in da hali ma kashi 5, kamar ƙaramin cokali shida ke nan. Kwalbar Coca-Cola ɗaya mai 35cl ta kai cokali tara. Zoɓon da ake sayarwa a gora, kunun aya, yogot ɗin leda, madarar gwangwani mai kauri, duk zaƙi ne da wani suna. Haka tuwon alkama da na acca da ake ta yi wa kirari a matsayin abincin masu ciwon suga: sitaci ne su ma, in ka ci malmala uku sai ka ji a jikinka. Muddin harshe na samun zaƙi kullum ta bayan gida, ba zai daina nema ba. Da na daina gaba ɗaya na 'yan makonni, sai na fara jin zaƙin karas da na ɗanyar gyaɗa, abin da da ban san da shi ba.

Wani kwaɗayin kuma sabo ne kawai. Ni nawa yana da lokaci da wuri: bayan sallar isha'i, a bakin shagon da muke hira, inda firij ke kallon benci. Ba yunwa nake ji ba, hannuna ne ya saba da sanyin kwalba. Ban daina zuwa hira ba, sai dai na riƙa zuwa a ƙoshe, da gorar zoɓon gida mai citta da kanumfari ba sukari. Kwaɗayi yana tasowa ya yi ƙarfi ya lafa, ba ya daɗewa in ba a biye masa ba. Ka tashi ka taka, ka yi asuwaki, ka kira wani a waya. Ka kuma lura da barcinka, domin ƙarancin barci yana tayar da sinadarin da ke sa jin yunwa, ya rage wanda ke sa jin ƙoshi. Wanda ya raba dare yana latsa waya, washegari shi da alawa sai Allah.

Ziyara da biki su ne jarrabawar gaske, don a nan kunya ke shigowa. Na je gaida gwaggota, ta sa aka kawo waina da miyar taushe da lemo mai sanyi. Na ce na ƙoshi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, yaushe ka fara raina abincina?" Na cinye tas, har da ƙari. Zuwa na gaba sai na canza dabara. Tun kafin a ɗauko faranti na ce, "Gwaggo, ina fama da jikin nan ne, na rage zaƙi. A zubo min miyar da nama, waina ɗaya ta ishe ni." Sai cewa ta yi, "Allah sarki, Allah ya ƙara lafiya," ta sa aka mayar da lemon, aka kawo ruwa. Manya ba sa jayayya da maganar lafiya, abin da ba sa so shi ne a ƙi abincinsu ba bayani. Gidan biki kuwa, kada ka je shi da yunwa.

To, a ce an zame. An sha lemon, an ci cincin. Ɓarnar da wannan ya yi kaɗan ce. Babbar ɓarnar tana zuwa ne daga maganar da ke biyo baya: "Tunda na riga na karya, bari in ci son raina, Litinin na sake sabon lale." Lemo ɗaya na ranar Alhamis ya zama kwana huɗu na shinkafa da burodi da taliya. Da safe kuma mutum ya hau sikeli ya ga ya ƙaru da kilo ɗaya ko biyu, gwiwarsa ta yi sanyi. Ba kitse ba ne, ajiyar nan ce ta hanta da tsoka ta dawo da ruwanta, kuma cikin 'yan kwanaki za ta sake tafiya. Wasu kuma su ce za su rama, su wuni ba ci don hukunta kansu, da magariba yunwa ta sake jefa su inda suka fito. Abin yi shi ne abinci na gaba ya zama irin wanda ka tsara, a lokacinsa, ka ci ka ƙoshi. Sannan ka tambayi kanka abin da ya faru kafin zamewar: ka tsallake karin kumallo ne, ko barci ne bai isa ba, ko ɓacin rai ne, ko kwalin biskit ɗin yara ne a kan firij? Amsar ita za ta nuna maka inda za ka toshe.

Da azumi ma haka: dabino ɗaya zuwa uku da ruwa, a yi sallah, sannan a fara da farfesu ko ƙwai da ganye kafin a waiwayi kunu.

Kuskure ɗaya ne a cikin duk waɗannan zai iya kai mutum asibiti. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide, in ya rage sitaci bai gaya wa likita an daidaita masa magani ba, sugansa na iya faɗuwa ƙasa warwas. Rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya da ruɗewa a wurinsa ba kwaɗayin da za a daure wa ba ne. In ya auna ya ga ƙasa da 70, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, ya sha sukari ƙaramin cokali huɗu a ruwa nan take, ya sake aunawa bayan minti 15. Mai juna biyu da mai shayarwa su ma su fara ganin likita kafin su taɓa tsarin abincinsu.