Bangon Ciki Mai Matsawa: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Masu gina jerin shaguna da ofisoshin haya a Maradi, daga kewayen babbar kasuwa har zuwa unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo, suna ƙara karkata ga barin cikin gini a buɗe ba tare da bangon bulo ba, domin a raba shi daga baya gwargwadon buƙatar wanda ya kama haya. Dabarar tana da kyau, domin ɗan kasuwar da ɗaki ɗaya ya ishe shi bana yana iya neman uku baɗi, makarantar kuɗi kuma tana iya son haɗe azuzuwa biyu su zama zaure guda ranar taron iyaye. Sai dai akasarin waɗannan bangaye ana kafa su ne da tunanin ranar kafawa kaɗai, babu mai tuna ranar da za a matsar da su, kuma kusan duk matsalolin da ake kuka da su daga nan suke tasowa.

Tun wajen zaɓen kaya ake fara kuskure. Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk bangon da ba na siminti ba ne mai matsawa ne, saboda haka sai su sa a yi musu na filako, wato allunan filasta da ake ɗaurewa a jikin ƙarafa, a cike mahaɗar allunan da farin kwaɓi, a goge, a shafa fenti. Irin wannan bango ba shi da nauyi, kuma yana da saurin kafawa, amma ranar da aka zo cire shi kawunan ƙusoshin sun ɓace a ƙarƙashin fenti, allunan kuma suna farfashewa a hannu, abin da za a tsira da shi bai wuce ƙarafan ciki ba. Bangon da ake iya kwancewa a sake ɗaurawa daban yake: falle-falle ne masu faɗi ɗaya, zaune cikin firam na alminiyom ko ƙarfe, an rufe mahaɗarsu da siririn marfi da ake ɓallewa, a kwance ƙusa mai murɗi, a ɗauke fallen lafiya lau. Akwai kuma mai tafiya a kan layin ƙarfe, wanda ake turawa ko a naɗe shi gefe guda. Tambayar da ya kamata mai gini ya amsa kafin ya kira kafinta ita ce sau nawa bangon zai motsa. Idan sau ɗaya ne a shekaru goma, filako ya wadatar, kuma ya fi araha. Idan duk sauyin ɗan haya ne, mai kwancewa ake nema. Idan kuwa kowane mako ne, to sai mai layi.

Babban wurin da ake asara shi ne wutar lantarki. Mai aikin wuta da ya saba da bangon bulo yakan ja waya a kwance ta ratsa cikin bangon daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ta bi soket bayan soket, wani lokaci har ta wuce ta ciyar da ɗakin gaba. Da zarar an yi haka bangon ya daina zama mai matsawa, domin cire falle ɗaya yana nufin yanke wutar rabin gini. Gyaran shi ne a bar manyan wayoyi a sama cikin silin ko a jikin bangon waje da ba ya motsi, a sa akwatin mahaɗa a saman kowane sashe, sannan waya ta sauko a tsaye zuwa soket ɗin da ke cikin falle guda, yadda in an zo matsarwa za a kashe wuta, a kwance ta a akwatin, a rufe shi, a tafi da fallen da soket ɗinsa. Makunnin fitila da na fanka sun fi dacewa da ginshiƙi ko bango na dindindin. Haka nan kowane sashe da ake tsammanin zai zama ɗaki mai zaman kansa ya samu nasa layin tun daga akwatin rarraba wuta, domin ginin da ƴan haya uku ke rataye a kan layi ɗaya da mitar kamfanin wuta na NIGELEC ɗaya ba ya rabuwa da gardama a ƙarshen wata.

Akwai haɗari a nan da ya wuce na asarar kuɗi. Ƙarafan cikin bango suna da kaifin baki, kuma wayar da aka zura ta hujinsu tsirara, ba tare da bututun roba ba, tana gogewa a hankali duk lokacin da aka buga ƙofa bangon ya girgiza. Ranar da fatar wayar ta huje, firam ɗin gaba ɗaya yana iya ɗaukar wuta mai ƙarfin bolt 220. Saboda haka waya ba ta shiga bango sai cikin bututunta, firam ɗin ƙarfe kuma a haɗa shi da wayar ƙasa ta ginin, wato wadda ke kai wutar da ta kauce zuwa cikin ƙasa. Wayar intanet da ta kyamarar tsaro su bi nasu bututun daban, kada a cusa su tare da ta wuta.

Maganar ruwa gajera ce: bututun ruwa ba ya shiga bangon da ake son matsarwa. Makewayi da wurin wanke hannu da wurin alwala a jingina su da bangon bulo tun a zanen gini. Inda dole sai wani falle ya rufe bututu ko makullin famfo, a yanka ƴar ƙofar dubawa daidai gabansa, mai faɗin da hannu da sifana za su shiga su juya, kamar santimita 40 kowane gefe. Abin da aka fi mantawa da shi shi ne siririn bututun da ke fitar da ruwan na'urar sanyaya ɗaki, wanda in ya toshe da ƙura yakan ɗiga a ɓoye cikin bango har allo ya ruɓe daga ciki.

Daga nan sai daɓe. Don a rage kuɗi, wasu sukan kafa bango tukuna sannan a shimfiɗa tayil ya tsaya a gindinsa ta kowane gefe, kuma haka ake yi da silin a sama. Ranar da aka ɗauke bangon sai a tarar da tsiri na siminti tsirara ya ratsa tsakiyar ɗaki, kuma samun tayil mai launi ɗaya da wanda aka saya shekaru biyar da suka wuce abu ne mai wuya a kasuwar da kaya ke zuwa jefi-jefi. Tsarin da ya dace shi ne a gama daɓe da silin na faɗin wurin baki ɗaya, sannan bango ya hau kansu. Wajen ɗaure ƙarfen ƙasa a nemi layin da ke tsakanin tayil da tayil a huda, domin cike shi ya fi sauƙi, kuma a ajiye kwali ɗaya ko biyu na tayil ɗin a ɗakin ajiya.

Bango mai tafiya a kan layi yana da nasa kurakuran, kuma mafi muni shi ne rataya layin a jikin silin. Silin ado ne, ba a yi shi don ɗaukar kaya ba, alhali falle guda na irin bangon da ke tare sauti yana iya haura kilo 100. Layin sai ya kama dakalin kankare ko bim na ƙarfe da aka tanada dominsa, kuma a gini mai rufin kwano wannan yana nufin mai walda ya ɗora ƙarfe mai ƙarfi daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi kafin a rufe silin. A tuna kuma da wurin da fallayen za su taru idan an buɗe bangon gaba ɗaya, domin nauyinsu duka a nan yake haɗuwa, kuma sau da yawa sai bayan an gama aiki ake lura cewa sun tare taga ko ƙofa.

Masu gudun wannan aiki sukan koma ga layin ƙasa, wato bangon ya riƙa gangarawa a cikin kwarmin da aka yi a daɓe. A garin da ƙurar hunturu ke shiga ko da an rufe tagogi, kuma kowa ke shigowa da rairayi a takalmi, kwarmin nan ba ya jimawa bai cike ba. Da tayoyi suka fara cijewa sai a zuba musu giris ko baƙin mai, wanda ke haɗuwa da ƙura ya zama taɓo mai cin taya. A ganina layin sama ne ya dace da Maradi ko da ya fi tsada. Wanda ya riga ya yi na ƙasa ya riƙa share kwarmin da buroshi a bushe, in kuma ana buƙatar santsi a fesa silikon maras danƙo.

Zafi ma yana da nasa lissafin. Alminiyom yana miƙewa kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke yi, kuma layi mai tsawon mita 6 yana ƙaruwa da kimanin milimita 4 idan zafinsa ya tashi da digiri 30, bambancin da ba shi da wuyar samuwa a ƙarƙashin rufin kwano tsakanin asubahin Janairu da azahar ta Afrilu. Wanda ya yanka layi ya matse shi daf da bango ta gefe biyu zai ga ya lanƙwashe da bazara. Ƴar tazara a ƙarshensa, cike da roba, ita ce magani. Irin wannan tazara ake buƙata a ƙasa ma: allo ya tsaya santimita 1 sama da daɓe, saboda ruwan goge ɗaki da damshin damina. Allon garin katako da aka matse yana kumbura da zarar ya sha ruwa, ba ya kuma komawa yadda yake, katakon da ba a yi wa magani ba kuwa abincin gara ne, kuma tana cinye shi ta ciki fenti na nan da kyansa.

Ƙorafin da ya fi yawa bayan an tare shi ne jin maganar maƙwabci, kuma a ɗakin ganin likita ko ofishin lauya wannan ba ƙaramin aibu ba ne. Mutane sukan ɗora laifin a kan sirantar allo su ƙara wani a kai, alhali sautin ta sama yake tsallakawa, domin bangon ya tsaya a silin, sararin da ke tsakanin silin da rufi kuwa a haɗe yake. Sai an tare wannan sarari daidai saman bangon, an cusa audugar gilashi ko ta dutse a cikinsa, an toshe gefuna da roba, an kuma daina sa soket biyu baya da baya, kafin a ji bambanci. Amma a nan dole a zaɓa, domin bangon da ya tare sauti ya tare iska, kuma ɗakin tsakiya da ba shi da taga ba ya zaunuwa da bazara idan aka ɗauke wuta. Shago ko ɗakin jira gara a bar masa sarari a sama iska ta wuce, ɗakin sirri kuma a tsara shi ya faɗo a kan taga. A auna wurin fanka ma, kada fikafikanta su zo daf da sabon bango.

Rataye kaya a jikin irin wannan bango yana da iyaka. Ƙa'idar da masu aikin filako ke bi ita ce abin da ya haura kilo 30 ba a ɗora shi a kan allo kaɗai, sai an sa katako ko ƙarfe a ciki an ɗaure shi da firam. Babbar talabijin, kantar kaya da kan na'urar sanyaya ɗaki duk suna buƙatar a san wurinsu tun kafin a rufe bangon. Hanyar fita kuma kada ta ƙuntata: dokar Faransa ta gine-ginen da jama'a ke shiga ta sa santimita 90 a matsayin mafi ƙarancin faɗin mafita, awo ne mai kyau a riƙe duk lokacin da aka sake tsarin ɗakuna, kuma akwatin rarraba wuta ya kasance a inda kowa zai kai gare shi, ba cikin ɗakin da ɗan haya ɗaya ke kullewa ya tafi da makulli ba.

Ranar kwancewa kuwa a rubuta lamba a bayan kowane falle da ƙarfensa, a tara ƙusoshi da marafai a gwangwani guda, a jingina fallaye a tsaye a kan katako cikin inuwa. Hotunan da aka ɗauka da wayar hannu kafin a rufe bango, masu nuna inda kowane bututu ya bi, mai gida ya riƙe su tare da takardun ginin, domin ba lallai ne wanda ya kafa shi ne zai zo kwancewa ba. Takardar haya kuma ta fayyace tun farko ko bangon na mai gida ne ko na ɗan haya, da wanda zai biya kuɗin toshe hujojin daɓe da silin idan aka ɗauke shi.