Darasi: Gyaran Yumɓu da Ginin Tukunya

Ba kowace laka ce take ginuwa ba. Yumɓu mai kyau yana da danƙo, kuma gane shi ba wuya. A jiƙa kaɗan, a murza shi a tafin hannu ya yi kaurin yatsa, sannan a naɗa shi a yatsa. Idan ya lanƙwasu bai tsage ba, zai yi aiki. Idan ya kakkarye, yashi ya yi masa yawa.

Da yawa daga cikin tukwanen da ke fashewa a wuta, tun daga gyaran yumɓu aka yi musu illa. Saboda haka kada a yi garaje a nan. A shanya yumɓun ya bushe, a daka, a tankaɗe don a raba shi da tsakuwa da saiwoyi, sannan a jiƙa shi kwana 2 ko 3. Yumɓu zalla yana tsukewa sosai idan yana bushewa, shi ke sa ya tsattsage. Maganin wannan shi ne a haɗa shi da dakakken tsingaro ko yashi mai laushi, mudu 1 ga mudu 3 ko 4 na yumɓu. A cuɗa sosai har ya haɗe. A yanka curin da zare a duba cikinsa: in an ga ƴan ramuka, da sauran cuɗa.

Wajen gini, a fara da gindi, a riƙa ɗora murzajjen yumɓu zagaye bisa zagaye, ana shafe mahaɗar ciki da waje da yatsa. Kaurin jikin ya zo daidai ko'ina, kada ya wuce santimita 1, domin wuri mai kauri ba ya bushewa tare da siriri. Idan tukunyar ta sha iska ta yi ƙarfi amma ba ta bushe ba, a goge ta da dutse mai santsi. Gugar na rage tsatsafar ruwa.

A shanya a inuwa mako 1 zuwa 2, ana juya ta. A kara ta a kumatu: muddin akwai sanyi, akwai damshi.

Wuta kuma a hankali ake fara ta. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Selsiyos, in zafi ya zo farat ɗaya sai tururin da ke cikin jikin tukunya ya tarwatsa ta. Sai zafi ya kai wajen digiri 600 yumɓu ke rikiɗewa ya daina narkewa a ruwa. A bar tukwanen su huce a cikin tokarsu, don iska mai sanyi tana tsaga su. Da sun huce a ƙwanƙwasa kowace da yatsa. Mai ƙara garau ta gasu, mai dusasshiyar murya kuwa ko ta tsage ko ba ta ji wuta ba.

Ƙurar yumɓu tana cutar da huhu, don haka a yayyafa ruwa kafin a share wurin aiki.