Yadda budurwa za ta shirya wa aikin sojan igwa

Budurwar da ke son zama hafsa a rundunar igwa ta fara da gyara takardunta, domin makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna, wadda ta soma karɓar mata a kwas ɗin hafsoshin yaƙi a 2011, tana neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi, da kuma jarrabawar JAMB. Ta riƙe lissafi da hannu biyu, don da shi ake auna nisa da ɗagawar bakin igwa da ƙarfin iska kafin a harba. Ta saba da gudun asuba tun kafin tantancewa. Horon igwa kuwa a Kachiya da ke jihar Kaduna ake yin sa. Bayan ritaya, ta shiga ƙungiyar tsofaffin sojoji domin tallafa wa iyalan waɗanda suka rasu a fagen daga.