Kurakuran da Ke Kashe Batirin Inbata Tun Bai Shekara Ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya gagari gidaje da dama, jama'a suka koma ga inbata da batir. Duhun da ya lulluɓe yawancin jihohin Arewa a watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka samu matsala, ya ƙara tura mutane kasuwar sola. Kuɗi ake zubawa ba na wasa ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kafin shekara ta zagayo sai ka ji mai gida yana cewa, "Wallahi jabun batir aka sayar mini." Akwai jabu a kasuwa, ba na musu. Amma a ganina, batiran da aka kashe a gida sun fi waɗanda suka zo da cutarsu daga shago yawa, kuma kisan yakan fara ne tun ranar da aka tafi sayayya babu lissafi.

Inbata ba ta ƙirƙirar wuta. Abin da aka tara a batir take juyawa ya koma irin wutar da kayan gida ke ci. Batir kamar randa yake, abin da ka zuba shi za ka kamfata. Ɗauki batir mai ruwa da aka rubuta wa 12V 200Ah, wanda shi aka fi saye. Idan ka ninka 12 sau 200 za ka samu 2,400, wato a takarda zai iya ba da wat 2,400 na tsawon awa ɗaya. Sai dai batirin dalma irin wannan ba a son a kwashe fiye da rabinsa idan ana so ya yi ƙarko, saura 1,200 ke nan. Ita ma inbata tana cin nata kason wajen juya wutar, abin da zai iso hannunka bai wuce 1,000 da 'yan kai ba. To, lissafa kayan falo: fankar sama biyu wat 150, talabijin da dikoda wat 100, ƙwan fitila biyar wat 50. Jimla 300. Awa uku da 'yan mintoci ke nan. Wanda ya kunna waɗannan bayan sallar isha'i yana sa ran su kai shi asuba, ba batirin ne ya yaudare shi ba.

Gyaran wannan ba ya cin ko kwabo. Kafin ka je kasuwa, ɗauki takarda ka bi kayan gidan ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta wat ɗin da ke jikin kowanne da awannin da kake so ya yi aiki, ka ninka, ka tara. Da wannan takardar za ka je wurin mai sayarwa. Sau da yawa rage kaya ya fi ƙara batir sauƙi a aljihu, domin sababbin fankoki masu cin wat 30 zuwa 35 suna yin aikin tsofaffin masu cin 75.

Wasu kuma suna ɗauka girman inbata ne ke ƙara awanni. Ko kusa. Girmanta yana nuna nauyin da za ta ɗauka lokaci guda ne kawai, babbar ma ta fi ƙaramar shan batir ko da ba a kunna komai ba. Sannan 1.5kVA da ke jikin kwali ba wat 1,500 ba ne, a yawancinsu wajen 1,200 ne. Firji da injin tura ruwa kuwa, a daƙiƙar da za su tashi suna fizgar ninki uku ko fiye na abin da suke ci a tafiya, shi ya sa ƙaramar inbata ke ɗaukewa da zarar firji ya motsa. Irin waɗannan masu mota a ciki suna son inbata mai tsabtatacciyar wuta, wadda aka rubuta wa Pure Sine Wave. Ɗaya nau'in mai araha yana sa fanka gurnani, firji ya riƙa zafi. Dutsen guga, butar lantarki da hita ba su da hurumi a kan batir ɗaya ko biyu. Kada ka dogara da yi wa yara da baƙi gargaɗi. Ka sa mai gyaran wuta ya raba layi tun daga akwatin rarraba wuta, soket ɗin kicin da na guga su tsaya a kan NEPA kaɗai.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne jiran inbata ta fara kuka. A gidaje da yawa ba a kashe komai sai ta yi ta ƙara ta ɗauke da kanta. Yawancin inbatoci sai batir ya gangara wajen bolt 10.5 suke yankewa, lokacin an tatse shi ƙarƙaf. Yin haka kowane dare yana rage masa kwana sosai. Cikakken batir da ya huta yana nuna wajen 12.7, idan ya sauka 12.1 ko 12.2 ya kai rabi. Mai batir biyu a tsarin bolt 24 sai ya ninka waɗannan lambobin. Idan inbatarka tana da saiti, a ɗaga inda za ta yanke. Idan ba ta da shi, ka san awanninka daga lissafin takarda, ka rage kaya kafin a kai can.

Abokin wannan kuskure shi ne rashin cika caji, kuma a nan ne yanayin wutarmu ke shigowa. A tsarin NERC, hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, an kasa masu amfani da wuta rukuni-rukuni, an yi wa rukunin A alƙawarin awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. Batir 200Ah da aka sha rabinsa, ko da cajar tana ba da amfiya 20, yana buƙatar wajen awa bakwai zuwa takwas kafin ya cika, domin ƙarshen caji a hankali yake shiga. Mutumin da ke samun wutar awa huɗu, ita ma a gutsuttsure, batirinsa ba zai taɓa ƙoshi ba. Kullum a kwasa, a mayar da kaɗan, har wani gishiri mai tauri ya daskare a kan farantan dalmar da ke ciki, daga nan ba ya ƙara riƙe caji kamar da. Wani lokacin ma akwai wutar, amma ta yi rauni har inbata ta ƙi karɓarta, mai gida yana ganin ƙwai a kunne yana zaton ana caji. Duba fitilar caji da idonka. Idan unguwarku haka take, sai an haɗa da sola. Allon sola ɗaya na wat 300 da ƙyar yake mayar da abin da aka kwasa daga batir guda a yini, kuma dole ya bi ta na'urar daidaita caji, ba kai tsaye ba. A hunturu a riƙa wanke ƙurar da ke kansa da sassafe kafin ya ɗau zafi.

Zafi ma makashi ne. Ƙarkon da kamfani ya rubuta, a ma'aunin 25 na Salshiyas aka gwada shi, kuma duk ƙarin kusan 10 a kan haka yana raba kwanan batirin dalma biyu. A bazara Kano, Sakkwato, Maiduguri da Damagaram suna haura 40, amma sai a kai batir ɗakin ajiya mai rufin kwano a kulle. A nema masa inuwa mai iska, a kan katako ko marikinsa. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, wadda tartsatsi kaɗan ke tayarwa, don haka ba ɗakin kwana ba, ba kusa da tukunyar gas ba.

Kowane wata ka duba 'yan sandunan da ke nuna yawan ruwa a saman batirin. Idan alamar ta sauka kusa da jan layi, ƙara tataccen ruwan batir mara asid. Ban da ruwan leda, ban da na burtsatse, kuma kada wani ya ce maka a ƙara asid "don ya yi ƙarfi", ruwa ne ke ƙonewa, asid ɗin yana nan. Farin garin nan mai ratsin kore da ke taruwa a kan batir, a kashe inbata, a kwance waya, a wanke shi da ruwan zafi da buroshi, a ɗaure tamau, a shafa basilin.

Kada a haɗa sabon batir da tsoho a jere guda, tsohon zai ja sabon ƙasa. Batirin mota kuma an yi shi ne don tayar da inji, ba zai jure tatsar dare ba. Wanda ya koma batirin litiyam zai iya shan kashi 80 cikin 100 ba damuwa, amma sai an canza saitin cajin inbata ya dace da shi.

Sai waya, inda araha ba ta ado. Kayan wat 1,000 a tsarin bolt 12 suna jan amfiya sama da 90 daga batir. Wayar soket ta 2.5mm iyakarta wajen 20. Bayan rabin awa ana aiki, taɓa wayar da ke tsakanin batir da inbata. Idan ta yi zafi, ko robar ta yi laushi tana ƙauri, gobara ake kira. Nan wurin waya mai kauri ce, 25mm ko 35mm ta jan ƙarfe, gajeriya. A sa fiyus ko bireka ta DC, wato ta wutar batir, dab da kan batir mai alamar tarawa, domin bireka ta AC, wato ta wutar gida, ba lallai ta iya yanke irin wannan wutar ba.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne masu yin waya mai filogi biyu, su cusa ɗaya a inbata ɗaya a soket ɗin bango don gida duka ya samu wuta. Ranar da aka manta ba a sauke babban makunni ba, wutar za ta bi layi ta fita waje, ta samu ma'aikacin da ke kan falwaya yana zaton layin a kashe yake. Da zarar an kawo NEPA kuma, inbatar ta ƙone. Wannan aikin na makunnin sauya layi ne da wayar ƙasa mai kyau. Kafin mai haɗawa ya tattara kayansa, ka ce masa, "Injiniya, don Allah nuna mini fiyus ɗin batir, nuna mini inda ka raba layin guga, sannan mu sauke NEPA mu gwada a gabana." Ka riƙe cikon kuɗin aikinsa sai ya nuna maka duka ukun.