Tsohon ɓeran masar na zubar da gashi yana kuma jin ciwo: kurakuran da muke tafkawa

Kuskuren da ya haifi sauran duka shine maganar nan ta "ai tsufa ne". Ɓeran masar ya kai shekara 5, gashin kwiɓinsa ya fara zubewa, ya daina zagaye keji ya koma lungu ya takure, sai mai shi yace toh dama haka tsufa yake, a barshi ya huta. Gaskiya ne dabbar nan yawanci shekara 5 zuwa 7 take yi, wasu su taɓa 8, kenan daga shekara 4 ko 5 ya shiga sahun dattawa. Amma tsufa shi kaɗai baya cire gashi faci-faci, baya sa dabba kuka wajen fitsari, kuma baya hana ta cin abinci. In kaga waɗannan akwai ciwo a ƙarƙashi, kuma yawancinsu ana iya sauƙaƙa su.

Matsalar itace shi ɓeran masar gwanin ɓoye ciwo ne. Asalinsa dabba ce da ake farauta (kuma ba daga Masar yake ba duk da sunan da muka liƙa masa, daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka ya fito), to a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara ɗauka, shiyasa zai daure har sai abu ya ci ƙarfinsa. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a wajen wannan dabbar fuska bata faɗa maka komai, sikeli zaka tambaya. Mutane da yawa basu taɓa auna nasu ba ko sau ɗaya, sun dogara da ido, alhali gashi yana rufe rama. Ka samu ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, ka sa shi a cikin kwano ka auna sau ɗaya a sati, lokaci ɗaya, ka rubuta. Babba yana kaiwa tsakanin giram 700 zuwa 1200, maza sun fi mata nauyi. Hawa da saukar giram 20 ko 30 ba komai bane, cikar ciki ce ko mafitsara. In ya kai giram 50 ka sa ido ka koma awo kullum, in kuwa ya doshi 100 ko kuma kaga yana sauka a hankali sati bayan sati, to a tafi wajen likitan dabbobi. Sauran alamun ciwo sune ƙudundunewa da gashi a tashe, cizon haƙora a hankali kamar yana niƙa wani abu, lumshe ido, kashinsa ya ƙanƙance ko ya ragu, da ƙara in an ɗaga shi alhali da baya yi.

Sai maganar gashi, inda anan ne aka fi barin jaki ana dukan taiki. Da zarar an ga fata a fili sai a ruga a sayo man shafawa ko sabulun ƙaiƙayi, ba a tsaya an duba ta ina gashin ya zube ba, kuma yana susa ko baya susa. Wannan tambayoyin biyu su ke raba hanya.

Da farko ka sani bayan kowane kunne akwai ɗan fili mara gashi, haka cikin ƙafafun gaba, haka Allah ya halicce su, kar ka sa musu komai.

In yana susa kamar zai cire fatarsa, ga ɓawo-ɓawo da ciwuka a kafaɗa da baya da wuya, in ka taɓa bayansa ya zabura yayi ihu, to mafi yawa ƙazuwa ce. Abin da ke kawo ta wani ɗan ƙwaro ne da ido baya gani, sunansa Trixacarus caviae, yana haƙa rami a cikin fata. Yana iya zama jikin dabba tsawon lokaci shiru, sai ƙarfin jiki ya ragu saboda tsufa ko wani ciwon sannan ya taso, shiyasa zakaji mutum na rantsuwa wai nashi bai haɗu da wata dabba ba ta ina ya samo. Azabar ƙaiƙayin tana kaiwa har dabbar ta faɗi tana shure-shure kamar mai farfaɗiya, kuma in an bari tana kisa. Kuskuren anan shine wanka. Ruwa da sabulu basa kaiwa inda ƙwaron yake, sai dai su ƙara masa raɗaɗi akan fatar da ta riga ta tsage. Maganinta ibamektin ne ko selamektin, likita zai auna daidai nauyinsa, kuma ibamektin ba a yinsa sau ɗaya a daina don baya kashe ƙwan ƙwaron, ana maimaitawa bayan kwana 7 zuwa 14, yawanci har sau uku. Kuma duk wanda suke keji ɗaya sai an masa ko da baya susa, a canza shimfiɗa a wanke kejin. Da yawa daga cikin waɗanda ke cewa maganin bai yi aiki ba zagaye ɗaya suka yi suka ga sauƙi suka watsar. Kada kuma ka ɗauki maganin ƙuma na kare ko kyanwa ko hodar kashe ƙwari ka barbaɗa masa, garin gyaran gira sai a rasa ido.

Ƙwarƙwata ita ana ganinta da ido tana motsi a gindin gashi, wajen kunne musamman, bata kai ƙazuwa azaba ba. Makero kuma yafi farawa a fuska, hanci, gefen ido da kunne, fili zagayayye da farin ɓawo, kuma yana kama mutum, don haka a wanke hannu bayan an taɓa shi a hana yara runguma har ya warke. Maganin makero daban, na ƙazuwa daban, ba a haɗa su a kwando ɗaya.

Wanda ni ya taɓa ruɗa ni shine na mata. Ina da wata tsohuwa da gashin kwiɓinta duka biyu ya zube, dama da hagu daidai wa daida kamar an auna da rula, fatar sumul ba ƙurji ba ɓawo kuma ko susa bata yi. Nayi ta maganin ƙwari a banza, ashe abin a ciki yake. Ƙullutu ne mai ruwa da ke fitowa a gidan ƙwai, kuma ya zama ruwan dare ga matan da suka manyanta ba a musu aikin cire mahaifa ba. Wasu ƙullutun suna rikita sinadaran jiki sai gashi ya zube ta gefe biyu, kan nono yayi kauri da ɓawo, ciki ya faɗaɗa ta ƙasa alhali kafaɗa na ramewa, ta koma masifa tana hawa 'yan uwanta kamar namiji. In ya girma yana danne hanji yana mata ciwo, kuma dan Allah kar ka riƙa matsa cikin da yatsa kana lalube. Sikanin ne ke tabbatarwa. Magani na dindindin tiyata ce a cire gidan ƙwan, in kuma shekaru ko lafiyarta basu bada damar tiyata ba akwai allurai da likita ke yi su lafar da abin na wani lokaci. Ba mai ko sabulun da zai taɓa wannan.

Akwai kuma wanda da bakinsa yake cinye gashin. In ka duba da kyau zakaga gashin bai fita daga tushe ba, a gutsure yake gajere-gajere. In a kai ne ko wuya inda bakinsa baya kaiwa to abokin zamansa ne ke masa aski. Amma in a ƙasan ciki ne ko cinya ko kan gwiwa, sau da yawa wajen da ke masa ciwo yake ciza, ko mafitsara ko gaɓa. Gashin haɓa da ƙirji kuma in ya jiƙe ya zube, dalala ce, ciwon haƙori kenan. Haƙoransa 20 kuma dukkansu girma suke har ya mutu, ba na gaba kaɗai ba, matauna na ciki in basu goge ba suna iya yin gada akan harshe su kulle shi. Zakaga yazo da ɗoki ya ɗauki abinci sai ya saki. Kallon haƙoran gaba kace ai lafiya lau suke yaudarar kai ne, na cikin sai da kayan aiki ake gani.

Yanzu maganin ciwo. Anan mutane kashi biyu ne kuma duka sun yi kuskure, masu cewa ai dabba ce zata daure, da masu buɗe akwatin maganin gida su gutsuro farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane su jiƙa su ɗura. Dabbar da nauyinta wajen kilo ɗaya ne kawai, ɗan gutsuren da kake gani ba komai ba yana iya lalata mata hanta ko ƙoda. Wanda likitoci suka fi bayarwa shine meloksikam, wanda aka fi sani da Metacam, na ruwa ne ana bashi da sirinji a baki kuma yawancinsu suna son ɗanɗanonsa. Jikin ɓeran masar yana sarrafa shi da sauri, shiyasa awon kare ko kyanwa in an kwatanta da nauyi yakan yi masa kaɗan, kuma sau da yawa safe da yamma ake rabawa. In kana bayarwa baka ga canji ba ka koma a sake duba awon, kar ka ƙara da kanka kar kuma ka daina kace baya aiki. Ciwon gaɓɓai na tsufa baya warkewa, lallaɓa shi ake, kenan maganin na iya zama na sauran rayuwarsa, sai a kula yana shan ruwa sosai saboda ƙoda, kuma ba a haɗa shi da magungunan rage kumburi da ake kira sitiroyid. In shi kaɗai bai isa ba likita na iya ƙara wani kamar gabafentin.

Babban haɗari kuma wanda ya kashe da yawa shine maganin kashe ƙwayoyin cuta na mutane. An ga ciwo a fata sai a buɗe kafso na amoksisilin ko amfisilin a zuba a ruwa. Dangin fenisilin duka, da kilindamaisin da linkomaisin da eritiromaisin, guba ne gare shi, suna kashe ƙwayoyin kirki na hanjinsa sai mugaye su mamaye, gudawa ta biyo baya, cikin 'yan kwanaki shikenan. Ko a wajen likita ne in ba wanda ya saba da irin waɗannan ƙananan dabbobin bane, ba laifi bane ka tambayi sunan maganin kafin a bashi.

Bitamin C ma ana kwafsawa. Kamar mu, ɓeran masar jikinsa baya haɗa bitamin C, sai ya ci. Da shi ma aka gano hakan, a 1907 wasu likitoci biyu a Norway, Axel Holst da Theodor Frølich, suka ga ɓerayen masar da suke ciyarwa da hatsi zalla sun kamu da irin ciwon da ke kama matuƙan jirgin ruwa. Rashin bitamin C na kawo kumburin gaɓɓai, ɗingishi, gashi ya yamutse ya zube, dasashi na jini, ciwo baya warkewa, kaga kuwa da sauƙi a ɗauka tsufa ne. Lafiyayye na buƙatar wajen miligiram 10 akan kowane kilo a rana, mara lafiya wajen 30. Kuskuren shine ɗiga shi a ruwan sha, haske da iska na kashe shi da wuri, ga shi yana canza ɗanɗanon ruwan sai tsohon ya rage sha, wanda shine abin da baka so ga mai shan maganin ciwo. Na cikin abincin buhu ma yana raguwa sosai bayan kamar wata 3 da haɗa shi. Ka bashi yankan tattasai mara yaji kullum da ɗanyen ganye, in kuma ana buƙatar ƙari a bashi kai tsaye a baki. Busasshiyar ciyawa dai ita ce kusan kashi 80 cikin 100 na abincinsa, amma banda irin ciyawar da ake kira alfalfa ga tsoho, kalsiyam ɗinta yayi yawa, ga su da saurin yin tsakuwa a mafitsara. In yana ƙara yana gantsarewa wajen fitsari ko kaga jini a shimfiɗa, hoton eksire ake yi, irin tsakuwarsu bata narkewa da magani.

Kuma kar ka taɓa cewa bari mu gani zuwa gobe in ya daina ci. Hanjinsa dole ya kasance cikin aiki ko da yaushe, in ya kai awa 12 bai ci ba ko bai yi kashi ba abin gaggawa ne. Kafin ka isa wajen likita ka jiƙa abincinsa na buhu yayi laushi kamar kunu ka riƙa bashi da sirinji ta gefen baki kaɗan-kaɗan, yana zaune akan ƙafafunsa, ba a rigingine ba don kar ya shaƙe.

Shi kansa kejin sai an gyara shi daidai da mai tsufa. Ƙasan raga ko waya na ci masa tafin ƙafa, ga shi yanzu yafi zama waje ɗaya, sai tafin ya kumbura yayi ja ya fashe, kuma wahalar warkewa gare shi sosai. A sa shimfiɗa mai laushi a riƙa canza inda yake kwanciya kullum don kar ya kwana cikin fitsari, a matso da ruwa da ciyawa kusa da shi, a cire duk abin da sai ya hau, a yanke farce don in yayi tsawo yana karkatar da tafiya ya ƙara wa gaɓa nauyi. Wanda ya rasa gashi yana jin sanyi, to a bashi wajen ɓuya mai ɗumi amma kar a kai shi rana ko kusa da wuta, sun fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24 kuma zafi na kashe su da sauri fiye da sanyi. Raba shi da abokinsa wai don ya huta shima kuskure ne sai in ana cin zalinsa, kaɗaici na sa su daina ci, har ƙasar Suwizalan ta hana ajiye guda ɗaya shi kaɗai tun 2008. In dole ne a raba, a sa raga a tsakani suna ganin juna suna jin ƙamshin juna.

Sai wani aiki da ba mai son jinsa. Ɓeran masar yana da wani kashi mai laushi da yake lanƙwasawa ya ci kai tsaye daga jikinsa, a nan yake samun wasu bitamin, to tsoho mai ciwon baya baya iya lanƙwasawar, kuma tsofaffin maza naman wajen yana saki sai kashin ya taru ya dunƙule a wani aljihu da ke bakin dubura, yana wari yana damunsa. Ka riƙa juya shi a hankali kana dubawa, in ya taru ka sa safar hannu da auduga da ruwan ɗumi ka fitar a hankali, wasu sau biyu a sati ya ishe su wasu kuwa sai kullum. Abin da ka ciro in mai laushin ne ka miƙa masa, sau da yawa zai karɓa ya cinye.