Yadda ake gwajin danne ƙasa kafin a zuba ta a hanya

Duk shekara ɗalibai na zuwa ɗakin gwajinmu a Birnin Kebbi koyon aiki, kuma kusan wuri ɗaya suke faɗuwa: wajen ruwa. Gwajin danne ƙasa, wanda ake kira Proctor, abu biyu yake nema, wato yawan ruwan da ƙasa ta fi dannuwa da shi, da nauyin da take kaiwa idan ta dannu.

Shanya burjin a inuwa, kada ka sa shi a oben, zafi na canza halin jar ƙasa. Tace shi da rariya mai milimita 20, ka raba kashi biyar, kowanne wajen kilo 2.5. Masu rowa suna maimaita kashi ɗaya sau biyar. Ni ban yarda ba, domin tsakuwar marmara na farfashewa a dukan farko, abin da ka gwada na biyu ba shi ka ɗebo daga rami ba.

To ga inda na taɓa shan kunya. Na zuba ruwa, na cuɗa minti biyu, na hau duka, sakamakon ya fito a warwatse, sai da na sake aikin kwana biyu. Ƙasa mai laka, irin ta fadamar Argungu, ba ta shan ruwa nan take. Waje ya jiƙe, cikin dunƙulen a bushe ƙamas. Auna ruwan da sikeli, kowane kashi ya ɗara na baya da kamar 2 cikin 100. Murtsuke dunƙulen da hannu, ka ɗaure kowane kashi a leda mai kauri, ya kwana, aƙalla awa 16. Ledar biredi ba ta yi, fashewa take. Da hunturu kuwa, ko a zafin Afrilu, kada ka buɗe leda sai mazubi, wato ƙarfen da ake danne ƙasar a ciki, na gabanka, iska na kwashe ruwan kafin ka gama gaisawa da maigadi.

Dukan kansa mai sauƙi ne. Mazubi mai lita 1, tabarya mai kilo 2.5 tana faɗowa daga milimita 300, hawa 3, kowane hawa bugu 27. Idan takardar kwangila ta ce ma'aunin Afirka ta Yamma, tabaryar kilo 4.5 ce, hawa 5, bugu 10. Bar ta ta faɗo da kanta, kada ka taimaka mata. Karce saman kowane hawa kafin ka zuba na gaba.

Cire wuyan mazubin, share sama da wuƙa, auna. Ɗebi kaɗan daga sama da ƙasa a gwangwani, auna nan take, sa a oben mai zafin digiri 105 zuwa 110 har gobe. Fitar da nauyin busasshiyar ƙasa, ka zana layin da ke nuna shi daura da yawan ruwan kowane kashi. Idan layin bai hau ya sauko ba, jiƙa kashi na shida.